Mota Ba Direba A Zangon Kaya: Ina Matsayin Ɗan Dakon Kanya?

 

Wata ranar kasuwa a Kanya ta ƙasar Zuru, ina zaune a rumfar wani dillalin hatsi ana lodin dawa, sai wani yaro ya miƙo mana wayarsa. A cikinta ga wata doguwar mota ɗauke da akwatin ƙarfe, ba ta da wurin zaman direba balle sitiyari, tana tafe ita kaɗai, ta tsaya, ta ba 'yar'uwarta hanya, ta karya kwana. Dillali ya ce haɗin hoto ne. Wani dattijo cikin 'yan dako ya share gumi da haɓar rigarsa, ya ce, "In kuwa gaskiya ne, Malam, mu me za mu ci?" Amsar dillali gajeruwa ce: abin gaskiya ne, ya kuma haura shekara talatin ana yinsa. Tambayar dattijon ita ce mai nauyi, saboda ita na ɗauki alƙalami.

Fasali na farko: bayanin abin da kansa

Ku sani, kowace babbar tashar jirgin ruwa, da tashar jirgin ƙasa, da sito na manyan kamfanoni, tana da wani fili kewayayye inda kaya ke sauka su jira. Mu kira shi zangon kaya, domin aikinsa ɗaya ne da zangon fatake na da: a sauke, a ƙidaya, a kwana, a sake ɗaurawa. A cikin filin akwai motoci waɗanda ba su fita titi ko kaɗan. Daga safe har dare aikinsu ke nan: su ja bodin tirela daga inda aka ajiye shi zuwa ƙofar sito, ko su karɓi akwati daga ƙugiyar jirgi su kai shi inda ake jerawa.

Waɗannan su ne aka fara cire wa direba. Dalili kuwa, filin yana da katanga, ba akuya, ba yaro mai talla, ba ɗan acaɓa. Tafiya a cikinsa sannu a hankali ce, hanya ɗaya ce ake maimaitawa sau ɗari. Motar tana da kamarori da na'urori masu aika haske su auna nisan duk abin da ke gabanta, tana kuma sanin inda take ta hanyar tauraron ɗan'adam, ko ta wasu alamomi da aka binne cikin daɓen filin. Kwamfuta guda a ofis ita ce madugu, ita ke cewa wance ta ɗauki akwati kaza ta kai layi kaza. Mutum yana zaune gaban allo yana duba da yawa daga cikinsu, in ɗaya ta rikice ya sa hannu. Abincinta lantarki ne cikin batir. Wannan ya dace da ita ƙwarai, don ba ta nisa da wurin caji, kuma ba ta ƙona man gas a banza tana tsaye tana jiran layi.

Fasali na biyu: yadda aka zo nan

Asalin maganar akwati ne, watau kwantena. Cikin shekarar 1956 wani mai motocin haya a Amurka, Malcom McLean, ya ɗora akwatuna 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston. Kafin nan leburori ne ke shiga cikin jirgi suna fito da buhu buhu, dam dam, jirgi ya yi kwanaki a tasha. Daga baya duniya ta daidaita a kan awo ɗaya: faɗi ƙafa 8, tsawo ƙafa 20 ko 40. Da kaya suka zama siffa ɗaya, sai inji ya iya kama su ba tare da ya san abin da ke ciki ba.

Cikin 1993 tashar Rotterdam ta ƙasar Holan ta buɗe fili na farko da motoci marasa direba ke jigilar akwatuna, amma a lokacin man gas suke sha. Hamburg ta Jamus ta bi sahu cikin 2002 da tashar Altenwerder, inda daga baya aka mai da motocin masu batir, har su kan kai kansu wurin caji in sun ji yunwa. Cikin 2017 ƙasar Sin ta buɗe irin wannan a Qingdao, sa'an nan a Yangshan ta birnin Shanghai cikin watan Disamba. A Amurka kuma wani kamfani na jihar Colorado mai suna Outrider ya fito fili cikin 2020 da motocin lantarki na farfajiyar sito, har ya yi musu hannun ƙarfe mai haɗa tiyon birki da bodin tirela, aikin da direba kan sauko ya yi da hannunsa.

To, ku dubi jerin nan da kyau. Akwati ya riga inji da shekara 37. Kafin motar ta motsa sai da aka daɓe fili, aka kewaye shi, aka ba kowane akwati lamba, aka rubuta nauyinsa da mai shi da inda za shi, aka tabbatar wuta ba ta ɗaukewa. Tsari ne ya haifi motar. Inda babu shi, ko kyauta aka ba ka ita, kaji ne za su kwana a ƙarƙashinta.

Fasali na uku: inda ƙasarmu take

A Ikko, tashar Apapa ta yi shekaru tana fama da cunkoso, direbobinmu na Arewa su kan yi makonni a kan gada suna jiran shiga. Cikin Fabrairu 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta kawo wani tsari mai suna Eto, wanda mota ba ta nufar tasha sai an kira ta ta waya daga garejin jira. Wannan shi ne matakin farko na abin da muke magana: kwamfuta ta karɓi aikin raba layi, ko da yake mutum ne ke riƙe da sitiyari. Cikin Janairu 2023 aka buɗe sabuwar tashar Lekki mai zurfi, da manyan ƙugiyoyi na zamani.

A Arewa kuwa an yi tashoshin kan tudu, don mai kaya ya gama da kwastan kusa da gida: ta Kaduna cikin Janairu 2018, ta Dala a Zawaciki ta Kano cikin Janairu 2023, ta Funtuwa cikin Mayu 2024. Ga kuma dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa cikin 2021. Injinan ɗaga akwati a waɗannan wurare mutane ne ke tuƙa su. Amma in wata rana motar nan ta shigo Arewa, a irin waɗannan filaye za ta fara sauka, ko a farfajiyar manyan masana'antu, kamar injin casar shinkafa da aka buɗe a Argungu cikin 2017.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tashar kan tudu ba ta cika tasha sai jirgin ƙasa yana zuwa mata a kan kari, daga Ikko zuwa Kano kuwa wajen mil 700 ne a kan tsohon dogo. Mun kuma ga tashar Baro ta bakin Kwara, wadda aka yi bikin buɗewa cikin Janairu 2019, aka daɗe ba a ga jirgin kaya ya tsaya ba, saboda rashin hanyar mota mai kyau da rashin yashe kogi. Gini ba shi jawo kaya, hanya ke jawo su.

Sa'an nan ga maganar wuta. Tun 1968 madatsar Kainji ke riƙe da ruwan Kwara, tafkinta ya taɓo har Yawuri, an kuma ƙara ta Zungeru mai ƙarfin megawat 700. Duk da haka, cikin Oktoba 2024 yawancin Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wani layin kuma ya faɗi. Jaki in ba dusa ya ci kara. Motar batir in ba wuta ta zama dutse. Saboda haka duk wanda zai kafa irin wannan fili a nan, tilas ya fara da tasa wutar, ta hasken rana ko ta iskar gas, kuɗin kuwa a kan kayanku zai hau.

Fasali na huɗu: abin da ya shafi Kanya

Mai karatu zai ce, to ina ruwan mutumin Kanya da abin da ake yi a Shanghai? Tarihin ƙasar nan ya isa amsa. A ƙarni na 19 kasuwar Jega tana cikin manyan zangunan ƙasar Hausa, nan ayarin goro na Gwanja ke yada zango, da madugu, da jagaba, da jakai, da 'yan alaro. Ba wanda ya kai wa Jega yaƙi ya ƙwace cinikin. Goro ne ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, dogo ya iso Kano cikin 1911, reshensa ya kai Ƙaura Namoda cikin 1929, sai hanya ta kauce. Masu jakai suka wayi gari kaya sun bi wani wuri. A Kano kuwa wannan canjin ne ya tada dalar gyaɗa, su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa, dubban 'yan dako suka sami abin yi. Canjin da ya rage wa wani gari shi ya ƙara wa wani.

Haka wannan ma zai yi. Filin da inji ke aiki dare da rana yana rage kwanakin da kaya ke jira, kuɗin ajiya ya ragu, ɓacewar kaya ta ragu. Kayan da ke bi ta can sai su yi araha a kan waɗanda ba su bi ba. Shinkafar ƙasar waje kuwa ita ce ke gasa da ta manominmu. Buhun dawar Kanya kuwa a kan mutum yake hawa mota, ya bi hanyar Riba zuwa Zuru, daga nan ko Rijau da Kwantagora, ko Mahuta da Koko. Jihar Kebbi duka ba ta da dogo. Da damina na ga motar hatsi ta kafe, aka sauke rabin kayan a gefen hanya, ruwa ya taɓa su kafin a fid da ita. Ladan saukewa da sake lodi, da asarar hatsin da ya jiƙa, duk daga kuɗin manomi aka cire su.

Ga kuma abin da ya fi rami a hanya muni. Ba mu manta watan Maris 2022 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka auka wa ayarin mataimakin gwamnan Kebbi a nan Kanya, jami'an tsaro da dama suka rasa rayukansu. Direban da zai shigo irin wannan hanya sai ya ƙara kuɗin mota, wani ma ya ƙi zuwa. Don haka abin da ke cin ladan ɗan dako a yau rashin zuwan motoci ne: manomi bai noma ba, falke bai zo ba, ba abin ɗauka.

Amsata ga dattijon nan ke nan. Motar da ya gani a waya ba ta iya shiga kasuwar ƙauye, ba ta iya ɗaukar buhu daga rumfa, ba ta san mudu ba. Aikinsa na nan muddin akwai kasuwa. Wanda abin zai fara taɓawa shi ne ɗansa da ya tafi ci rani Ikko ko Kano yana tuƙa motar cikin tasha, ko yana rubuta lambobin tireloli a bakin ƙofa. Haɗarin da ke kan Kanya kuwa irin na Jega ne, a gyara hanyar wasu a bar tata.

Fasali na biyar: haƙƙin lebura

Kada a ce inji ba ya korar mutum. Yana kora. Garuruwan da suka rayu da dakon jirgi a Ingila da Amurka sun ga haka da zuwan akwati. Amma akwai darasi cikin abin da ya faru ran 1 ga Oktoba 2024, da ma'aikatan tashoshin gabashin Amurka da na kudancinta, wajen mutum 45,000, suka ajiye aiki kwana uku. Ƙarin albashi suka nema, da kuma iyaka ga injina. Cikin Janairu 2025 aka daidaita: ba za a mai da tasha ta inji zalla ba, in kuma an kawo sabon inji mai rage hannu, sai an buɗe wasu guraben aiki tare da shi. Abin lura shi ne sun yi cinikin tun injin bai gama shigowa ba, lokacin da maganarsu ke da nauyi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan dako a tashoshinmu na kan tudu, yanzu ne lokacin da za su nemi a rubuta musu irin wannan sharaɗi, da alkawarin koya wa 'ya'yansu sabon aikin.

Sabon aikin kuwa akwai shi. Batir yana son mai gyara, kamara tana son mai saiti, allo yana son mai tsaro. Ƙarfen da ake yin batirin da shi, watau litiyam, ana haƙarsa a ƙasar nan, har an buɗe masana'antar tace shi a jihar Nasarawa cikin Mayu 2024. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, wadda aka kafa cikin 2020, ga kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Yaron da ya iya haddace izu sittin, lissafin waya da batir ba zai gagare shi ba, in an sa shi a hanya.

Fasali na shida: mas'ala ga malamai

Saura tambayar da fatake za su kawo muku zaure nan gaba. In motar da ba direba ta take mutum, ko ta kayar da akwatin wani ya fashe, wa zai biya? Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai korarta, da mai janta, da mahayinta, abin da kuwa ta yi don kanta ba da sababin kowa ba, babu ramuwa a cikinsa. Malaman Malikiyya sun kuma tsananta a kan mai dakon abinci da lada, suka ce ba a karɓar da'awarsa ta salwanta sai da shaida.

To, wannan mota ba ta da mahayi. Akwai wanda ya ƙera ta, da wanda ya rubuta mata umurni, da mai filin da ya sa ta aiki, da mai zama gaban allo. Wanne ne mai kora a cikinsu? A ganina, ba a kamanta ta da dabbar da ta yi harbi don kanta, domin dabba tana da hali nata, inji kuwa ba shi da komi sai abin da mutum ya zuba masa. Mai kaya da mai fili ya ƙulla ciniki, shi ya ba lada, kowa kuwa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai fili ya biya, sa'an nan ya bi maƙerin in aibin daga can ne. Wannan ra'ayin almajiri ne, hukunci na masu shi ne. Abin da nake roƙo shi ne a tattauna tun yanzu, kada ranar da abin ya faru a ce wa talaka laifin kwamfuta ne, a sallame shi hannu biyu.

Kammalawa

Abin da 'yan kasuwar ƙasar Zuru za su iya yi da hannunsu a bana ba shi bukatar batir. Su daidaita buhu a kan nauyi ɗaya da sikeli, maimakon wannan ya cika, wancan ya sassauta. Kowace mota ta tashi da takardar kaya mai bayyana adadi, da mai shi, da mai karɓa. Su haɗa kuɗi su daɓe wurin lodi, su yi masa rufi da sito. Su kuma haɗa baki, su da sarakuna da wakilansu na majalisa, a kan gyaran hanyar Zuru da tsaronta, da neman a sada ta da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry wadda aka ƙaddamar da aikinta cikin Oktoba 2024. Kayan da aka auna, aka rubuta, aka ajiye a busasshen wuri, su ne ke iya shiga akwati a Funtuwa ko Kaduna, su ne banki ke yarda ya ba da bashi a kansu. Wanda ya yi wannan ya ci riba ko motar nan ta zo ko ba ta zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da aka gama lodi ran nan, dattijon ya karɓi ladansa, ya ƙidaya, ya dubi sama ya ce hadari na haɗowa, a ja tamfol a kan buhunan da suka rage. Mu duka muka tashi muka kama masa.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Haza wasalam.